Yadda Muka Tsara Wa 'Yata Abinci Bayan An Gano Tana Da Cutar Siliyak

Na rubuta wannan bayani ne domin iyaye da 'yan uwa da ka iya samun kansu a irin halin da muka shiga na cutar siliyak, wadda cin alkama da danginta ke sa garkuwar jiki ta lalata bangon hanji, musamman Hausawa mazauna Ingila, inda nake zaune da iyalina shekaru masu yawa. 'Yata ta fari, wadda ta haura shekara ashirin, ta daina cin nama da kifi da ƙwai da madara da zuma tun tana jami'a, saboda damuwar da take yi da yadda ake kiwon dabbobi a manyan gonakin Turai. Mun yi doguwar muhawara a kan haka a lokacin, ta tabbatar wa mahaifinta cewa ba ta haramta abin da Allah ya halatta ba, zaɓi ne kawai ta yi wa kanta, muka ƙyale ta. Saboda haka da ta fara rama, ga kasala, ga kumburin ciki da gudawa da ke zuwa suna tafiya, kowa a dangi ya ɗora laifin a kan barin nama. Hajiya, kakarta, duk lokacin da muka yi waya daga Kano sai ta ce a dafa mata farfesun kaza a ga ko ba za ta miƙe ba. Ita kuwa yarinyar ta lura da wani abu dabam, wato cikinta ya fi tayarwa a ranar da ta ci burodi ko taliya, kuma ta yanke shawarar daina cin su.

Matakin farko shi ne ganin likitan unguwa, wanda a nan ba a biyan ko sisi. Allah ya sa mun je kafin ta bar alkamar, domin abin da likitan ya fara faɗa mata ke nan: kada ta daina cin burodi tukuna. Ya bayyana mana cewa gwajin jinin da ake yi don gano cutar siliyak yana neman wasu sinadaran garkuwar jiki ne da jiki ke fitarwa idan mai cutar ya ci gulutin, wato furotin ɗin da ke cikin alkama da sha'ir da wani hatsi da Turawa ke kira rye (hatsin rai). Idan mutum ya daina ci, sinadaran sukan ragu, gwaji ya nuna lafiya ƙalau alhali cutar tana nan. Ƙa'idar da ake bi a Ingila ita ce mutum ya ci abinci mai gulutin fiye da sau ɗaya a rana har tsawon mako 6 kafin a ɗebi jininsa. Tun da ita ba ta riga ta daina ba, aka ba mu ranar ɗiban jini nan kusa. Takardar gwajin ta ƙunshi wanda ake kira tTG, mai auna waɗancan sinadaran garkuwar, da adadin garkuwar IgA gaba ɗaya, domin akwai mutanen da jikinsu ba ya samar da ita sosai har gwajin farko ya yaudari likita. Ya ƙara da gwajin ƙarfin jini, sinadarin ƙarfe, bitamin B12, folat da bitamin D. Da sakamako ya fito, aka kira ta a waya aka ce tTG ɗinta ya hau, ƙarfen jikinta kuma ya yi ƙasa ƙwarai.

Daga nan aka tura mu sashen cututtukan ciki na babban asibiti. Tun shekarar 2020 wasu asibitoci a nan sukan tabbatar da cutar ga manya ba tare da leƙa hanji ba, idan sakamakon jini ya ninka iyakar lafiya sau 10 ko fiye kuma babu wasu alamu masu tayar da hankali. Nata bai kai nan ba, don haka aka sa ta a layin endoskofi, wato zura siririn bututu mai kyamara ta baki har zuwa farkon ƙaramin hanji. Wannan jiran shi ne ya fi yi mini nauyi a duk tafiyar, domin an ce ta ci gaba da cin gulutin har ranar gwajin, ni kuma ina ajiye mata burodi da hannuna ina sane cewa mai yiwuwa shi ke cutar da ita. Wata rana ta ce da ni, "Umma, wallahi na gaji, a bar gwajin nan kawai in daina ci." Na roƙe ta ta daure, kuma har yau ina ganin daidai muka yi. Wanda ya bar alkama ba tare da tabbaci ba yana rasa bibiyar asibiti, ba a duba ƙasusuwansa, ba a gwada 'yan uwansa, kuma duk ranar da ya so tabbatarwa sai ya koma cin abin da ke wahalar da shi na makonni. Wasiƙar asibiti ta zo da umarni a rubuce: kada ta ci komai awa 6 kafin gwajin, ta zo da jerin magungunan da take sha, kuma idan ta zaɓi allurar kwantar da hankali maimakon feshin maƙogwaro, dole wani ya rako ta, ba kuma za ta tuƙa mota ba sai bayan awa 24. Gwajin kansa bai daɗe ba. An yanko 'yan ƙananan tsoka daga bangon hanjin aka kai ɗakin bincike, bayan wasu makonni wasiƙa ta iso cewa 'yan tsirarrun da ke jikin bangon hanji, waɗanda ke tsotse amfanin abinci, sun lafe. Cutar ta tabbata.

Na kira Hajiya na yi mata bayani yadda zan iya. Na gaya mata cewa cutar ba sabon salon Turawa ba ce, kusan mutum 1 cikin 100 ke da ita, kuma wani likitan yara ɗan ƙasar Holan, Willem Dicke, ya ƙara tabbatar da alaƙarta da alkama a lokacin yunwar da aka yi a ƙasarsa daga 1944 zuwa 1945, da ya ga yaran da ke fama da ita sun samu sauƙi da burodi ya yanke, suka koma ciwo da ya dawo. Ba ta da magani sai barin gulutin har ƙarshen rayuwa. Hajiya ta yi shiru, sannan ta ce to ai gero da dawa ba alkama ba ne. Maganarta gaskiya ce, kuma a kanta muka gina duk abin da ya biyo baya.

Mataki na gaba shi ne ganin masaniyar abinci ta asibiti. An fara gayyatar mu zaman rukuni tare da wasu sababbin masu cutar, inda aka koya mana karanta takardar jikin kaya. Dokar ƙasar ta tilasta a fito da sunan alkama da sha'ir da hatsin rai da hatsin ots (oats) ƙarara a jerin kayan haɗi, galibi da baƙin rubutu mai kauri, kuma ba a rubuta cewa abu ba shi da gulutin sai idan bai wuce miligiram 20 a kilo ɗaya ba. An nuna mana tambarin zangarniya mai gicciye da ƙungiyar Coeliac UK ke ba da izinin amfani da shi. Zaman ya amfane mu, amma yawancin misalan da aka bayar na masu cin ƙwai da cuku da nama ne, don haka muka nemi zama na musamman, muka faɗi dalili a fili cewa ba ta cin komai na dabba. Ina ba duk mai irin wannan hali shawara ya nemi haka tun daga farko, ya kuma je da littafin da ya rubuta duk abin da aka ci na kwanaki, da awon da aka ci, da abin da ciki ya yi bayan haka. Mu mun je da namu, muka haɗa da hotunan tuwo da miya da ƙullin garin kuka da daddawa, domin matar ba ta taɓa ganin su ba.

A wannan zama ne na gane inda haɗarin yake. Da yawa daga cikin naman bogi da ake sayar wa masu ƙaurace wa nama da alkama ake yin sa, wani ma da ake kira seitan tsantsar gulutin ne. A ɗaya ɓangaren, burodin da ba shi da gulutin sau da yawa ana sa masa ƙwai ko madara don ya haɗu. Idan aka bi kantuna kawai, abin da ya rage mata bai taka kara ya karya ba, ga tsada. Masaniyar ta ɗauki takarda ta jera abubuwan da dole a tabbatar suna shiga jikinta kullum. Furotin kimanin giram 0.75 ga kowane kilo na nauyin jiki, wato giram 45 ga mai kilo 60, ta ce kuma gara a ɗan haura. Kalsiyam miligiram 1,000 a rana, alhali sauran manya 700 ake nema musu, saboda cutar tana raunana ƙashi. Ƙarfe miligiram 14.8 ga mace mai jinin al'ada. Bitamin B12 kuwa babu shi a tsirrai ta hanyar da za a dogara da ita, don haka sai ƙwaya, maikrogiram 10 kullum ko 2,000 sau ɗaya a mako. Bitamin D maikrogiram 10 duk shekara, tun da fatarmu baƙa ce kuma ranar ƙasar ba ta da ƙarfi, ta kuma ja hankalinmu cewa yawancin D3 daga maiƙon gashin tumaki ake samo shi, sai a nemi wanda aka rubuta na tsirrai ne. Sai aidin, wanda na ɗauka gishiri ya wadatar da shi kamar a Najeriya, ashe gishirin da aka fi sayarwa a Ingila ba a sa masa. Likita ya rubuta mata ƙwayar ƙarfe, muka biya fam 9.90 kuɗin kowane magani ɗaya da aka rubuta. Wanda zai riƙa karɓar magunguna da yawa yana iya sayen takardar biyan shekara a kan fam 114.50. Game da burodi, tun Disamba 2018 abin da ake iya rubuta wa masu cutar a Ingila ya tsaya kan burodi da garin haɗi kawai, kuma ya danganta da yankin da mutum yake, don haka a tambayi likitan unguwa kai tsaye.

Da muka dawo gida sai muka shiga gyaran kicin. Na ware mata na'urar gasa burodi, da rariya, da kwandon tsane shinkafa, da muciya da katakon yanka, domin itace da raga suna riƙe gari. Man da aka soya cincin ko fanke a ciki ba ya komawa kan awararta. Daga nan na zauna na bi abincinmu ɗaya bayan ɗaya. Alkaki, funkasau, gurasa, taliya, kuskus, tuwon semo da tuwon alkama duk sun fita, haka ma lemukan malt da garin shayin da ake haɗawa da sha'ir. Tuwon shinkafa, na masara, na dawa, na gero da acca duk sun tsaya. Matsalar tana wurin waɗanda ke tsakiya. Ɗanwake da yawa yanzu da fulawa ake kwaɓa shi, wasu na zuba fulawa a ƙullun masa, wasu na haɗa alkama a kunu, wasu dunƙulen ɗanɗano kuma suna ɗauke da garin alkama, wanda ke nufin yajin da aka daka da su ma ya shiga zargi. Babbar damuwata ita ce gari. Garin dawa ko gero da ake ƙullawa a leda ba takarda, babu mai iya ce maka ba injin da ya niƙa alkama ne ya niƙa shi ba. Na daina sayen irinsa. Ina sayen tsabar, in baza a faranti in tsince, domin akan samu ƙwayar alkama ko sha'ir ta ɓuya a ciki, in wanke, in shanya, in niƙa da ƙaramin injin da muka saya don wannan aiki kaɗai. Injin shi ne kuɗi mafi yawa da muka kashe a lokaci ɗaya, amma ya fi sauƙi a kan dogaro da burodin kanti.

Bayan wasu watanni aka sake ɗiban jini. Sakamakon tTG ya sauko sosai, ƙarfen jikinta ya fara hawa, gudawa ta tsaya, ta ɗan ciko. Sai dai kumburin ciki da murɗa da iska suna nan, wani lokaci ma har sun fi da. Wannan ya karya mata gwiwa, ta fara tsoron abinci, tana cire abubuwa da kanta har ta kusa komawa kan farar shinkafa da ayaba. Muka koma wurin masaniyar. Abin da ya burge ni shi ne ba ta yi gaggawar ƙara mata wani takunkumi ba. Ta fara bin littafin tana neman ɓoyayyen gulutin, ta tambayi inda take cin abinci a wurin aiki, ta ce a dakatar da ots ko da mai tambari ne, tun da akwai 'yan ƙalilan da furotin ɗinsa ke damu. Ta tuna mana cewa ƙwayar ƙarfe kanta tana sa taurin bayan gida da ciwon ciki, aka yi magana da likita ya rage yawan shan. Ta kuma ce hanjin babba kan ɗauki shekara ɗaya zuwa biyu, wani ma fiye, kafin ya warke sarai. Sai da aka kawar da waɗannan duka, sannan ta nuna mana abin da ke cikin littafin ƙarara: tun da aka bar alkama, wake ya zama abincin safe da rana da dare, ƙosai, alala, shinkafa da wake, kowanne da albasa da tafarnuwa.

Nan ta kawo tsarin FODMAP, wanda masu bincike na Jami'ar Monash da ke Ostireliya suka ɓullo da shi. Bayaninsa shi ne akwai wasu nau'o'in sukari a abinci da ƙaramin hanji ba ya tsotsewa da kyau, sai su ja ruwa, su isa babban hanji ƙwayoyin halitta su rubar da su, iska ta taru. Ba sa lalata hanji kamar yadda gulutin ke yi wa mai siliyak, wahala kawai suke sawa, kuma yawan abin da aka ci ne ke yanke hukunci. Wannan bambanci yana da muhimmanci ƙwarai, domin gulutin ba a yi masa rangwame ko ɗan kaɗan, su kuwa waɗannan ana neman iyakar da ciki zai ɗauka ne. Tsarin yana da mataki uku: ragewa na mako 2 zuwa 6, sai dawo da su ɗaya bayan ɗaya, sai tsayar da abin da ya dace da mutum. Saboda abincinta ya riga ya ƙuntata ta fuska biyu, masaniyar ta ƙi sa ta a cikakken tsarin. Ta zaɓi manyan waɗanda ake zargi kawai: albasa, tafarnuwa, wake da yawa, kashu, mangwaro, kankana, tuffa, da burodin kanti mai ƙarin sinadarin inulin.

Miya ba albasa ta yi mini wuya da farko, amma akwai dabaru. Sukarin da ke cikin tafarnuwa ba ya narkewa a mai, don haka ina soya ta a man gyada in tsame, ƙamshin ya zauna. Koren ganyen albasa, wato lawashi, ba shi da matsala, farin gindin ne ake gudu. Daddawa da citta da kanumfari da masoro suka cike sauran. Akwai wani yaji na Indiya mai suna hing da ake ba da shawarar sa a madadin albasa, amma a duba da kyau, domin sau da yawa da garin alkama ake cakuɗa shi. Awara ce ta zama ginshiƙin furotin, tun da sukarin waken suya yana bin ruwan da ake matsewa, sai mai taurin ta zama mai sauƙi a ciki. Tamu ta gida da ruwan tsami ko tsamiya ake tsinka ta, don haka don neman kalsiyam muna sayen ta kanti wadda aka rubuta cewa da kalsiyam aka daskarar da ita. Gyada, ƙuliƙulin da na yi da hannuna, riɗi da agushi suka biyo baya, sai waken gwangwani da aka ɗauraye sosai, cokali kaɗan. Na rage attarugu, ba don yana cikin jerin ba, sai don yana tayar mata da hanji.

Da cikin ya lafa, muka shiga gwaji. Kowane abu ana ba shi kwana uku ana ƙara yawansa, a huta har ciki ya koma daidai, sannan a ɗauko na gaba, ba a haɗa biyu. Albasa da tafarnuwa sun nuna kansu nan take. Mangwaro bai yi mata komai ba idan ba ta wuce rabi ba. Wake kuwa, wanda muka fi jin tsoron rasawa, ya dawo da sharaɗi: a jiƙa, a zubar da ruwan, a surfe, a ci ɗan daidai sau ɗaya a rana. Na yi farin ciki da wannan ƙwarai, domin da an bar ta da tsoronta da ta rabu da wake har abada ba gaira ba dalili.

Yanzu tsarin makonmu ya zauna. Da safe kunun gyada na shinkafa ko faten acca da madarar almon mai ƙarin kalsiyam da aidin, tare da awara. Da rana shinkafa ko dankalin turawa da miyar alayyafo da agushi, ko dambun masara da zogale da ƙuliƙuli, a bi da lemo ko abarba ko gwanda, domin bitamin C yana taimaka wa jiki ya tsotse ƙarfen ganye, shayi kuma a jinkirta shi awa ɗaya ko biyu bayan abinci don yana hanawa. Da dare tuwo, miyar kuka ko kuɓewa ko taushe. Nakan dafa miyar gida duka ba nama ba albasa ba dunƙule, in ɗebi nata, sannan in zuba wa sauran abin da suke so, wanda ya fi sauƙi a kan ɗora tukunya biyu. Ranar Asabar muke niƙa da soya awara mu sa a firiza. Da azumi tana buɗe baki da dabino ɗaya ko biyu da kunun tsamiya, ta bar ƙosai sai bayan Isha.

Da muka je gida hutu na tafi da garinta da rariyarta da ƙwayoyinta, na kuma zauna da ƙannena mata na yi musu bayani kafin kowa ya ɗora tukunya, domin a wurinmu mayar da abincin da aka kawo wa baƙo abin kunya ne, gara a san dalili tun da wuri. Ba mu kai komai nata injin unguwa ba, a turmi sabo aka daka. Asibiti kuma suna kiran ta duba na shekara-shekara, inda ake auna tTG da ƙarfe da B12 da bitamin D da nauyinta. An yi mata hoton ƙarfin ƙashi, an kuma ba ta shawarar rigakafin ciwon huhu, saboda saifar wasu masu cutar ba ta aiki yadda ya kamata. Tun da kusan mutum 1 cikin 10 na iyaye da 'ya'ya da 'yan uwa na jini kan kasance da cutar, ni da mahaifinta da ƙannenta duk mun je an ɗebi jininmu muna kan cin alkama. Na uku daga cikin yaran sakamakonsa ya hau, yanzu yana jiran ranar ganin likitan ciki na yara, kuma har zuwa ranar ba mu taɓa burodinsa ba.